Ranar da Na Haska a Kumasi

Tun da na dawo daga Kumasi, har yau ba wadda ta tare ni ta ce, "Saudatu, me kika koyo?" Tambayar duk ɗaya ce, a wurin aiki ko a gidan suna ko a layin markaɗe: wai da gaske ne na haska a gaban mutane kamar fitila? Da gaske ne. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ta tsinci inda za ta yi mini dariya ta watsar da saura, shi ya sa na zauna na rubuta shi tun daga tushe. Wadda ta sake tambayata, wannan zan miƙa mata.

Ni ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Makarfi, ina aure a Ikara. Aikina jini da fitsari da kaki: in shafa a gilashi, in rina, in leƙa a madubin duba ƙwayoyin cuta. Mahaifina yana ƙauyenmu kusa da Dandamisa, malami ne mai karantar da magidanta a zaure. Amma abin da aka fi saninsa da shi duban wata ne. Tun ina yarinya, duk ƙarshen wata yakan hau tudun bayan gari da magariba, kuma maganarsa ake kai wa dagaci. In wani ya shigo da gudu ya ce wata ya tsaya, Baba ba ya musu. Tambaya ɗaya yake yi: "Wa ya gani?" In aka ce wane ne ya ji a bakin wane, sai ya ce Allah ya ba da lada, ya ci gaba da jan carbinsa.

Bayan girbi tari ya kama shi, ya ƙi saki. Na karɓi kakinsa na duba, ban ga komai ba. Na sake dubawa, haka. Sai na aika da shi babban asibiti inda ake da na'ura, takarda ta dawo ta ce tarin fuka ne. Na karɓo magani na kai masa har zaure.

Ya ce, "Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa na ci, "ke kin gani?"

Na ce, "Ban gani ba, Baba. Madubinmu ba ya kama su in ba su da yawa."

"Wanda ya rubuta takardar fa, ya gani?"

"Na'ura ce ta gano."

"To ba wanda ya gani ke nan."

Ya ɗora maganin a kan kantar littattafai. Ya ce ba zai yi wata shida yana haɗiyar ƙwayoyi a kan shaidar da ba ta da ido ba. Na yi lallashi, na yi kuka, na turo manya. Baba yana ramewa, maganin yana shan ƙura. Ranar da na ji haushi har na ce masa ai zazzaɓi ma ba a ganinsa, sai ya ce amma ana taɓa shi.

Ana cikin haka shugabar ɗakin gwajinmu ta ce an buɗe horo a Kumasi, ƙasar Gana, a kan yadda ake mai da wayar hannu madubi. Ana ɗaura mata wani ɗan akwati, ƙwayar cuta ta fito a fuskar waya tana haske, ko da 'yan kaɗan ne. Wanda ya ci jarrabawar ƙarshe za a ba shi akwatin ya gwada a asibitinsu. Ni kalma ɗaya na ji a duk bayanin: fuskar waya. Madubinmu na asibiti mutum ɗaya ke leƙa shi, kuma sai wanda ya iya. Fuskar waya kuwa ko tsoho zai kalla. Na ce a rubuta sunana.

Ana jibi zan tashi, Gwaggo Lami ta zo daga Hunkuyi. Ƙanwar Baba ce, gyaran amare ne sana'arta. Ta kama fuskata ta juya hagu da dama. Ta ce, "Da wannan fatar za ki ƙasar mutane? Ba da sunan gidanmu ba." Ta fito da ƙullin kurkur, garin nan rawaya da take haɗa wa amare da dilka, ƙulli ya kai kan jariri. Ta ce in riƙa kwaɓawa ina shafawa kullum da safe kafin wanka, fuska da hannu. Da kanta ta cusa shi a jaka, tsakanin hijabaina da farin kwat ɗina na aiki. Ta kuma ce kada in kuskura in dawo ba sabulun Gana.

Maigidana ya kai ni tasha a Zariya, ya damƙa ni a hannun Hajiya Talle, wata 'yar kasuwa da ta daɗe tana bin hanyar nan tana saro atamfa. Gajera ce mai murya kamar lasifika. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ce likitar? To daga nan har Kumasi ni ce likita. In na ce ci, ki ci. In na ce yi shiru, ki yi shiru." Na yi mata biyayyar da ban taɓa yi wa shugabata a ofis ba, kuma ban yi nadama ba.

Hanyar Legas ba abin da zan ce sai Allah ya saka wa direbobi. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Wani mai tallar magani ya tashi a tsakiyar mota yana rantsuwa cewa kwalbarsa ɗaya tana maganin basir da hawan jini da tarin fuka. Da ya ambaci tarin sai na yunƙura zan yi magana, Hajiya ta danne mini cinya. Ta ce, "Ai na gaya miki, in na ce shiru, shiru." Na haɗiye, amma har muka sauka ina tafasa.

Daga Legas muka shiga ƙaramar mota. Ni a zatona iyaka wani dogon bango ne mai ƙofa. Ashe kasuwa ce mai shinge a tsakiya: masu canji, masu dako, masu soya doya, kowa yana kiranka da harshen da yake zaton naka ne. Uku muka tsallaka, kowace da nata salon. A ta tsakiya ce abin ya faru. Wata jami'a ta ce in buɗe jaka. Mace ce mai fara'a, ba ta yi mini komai ba, ta dai ɗaga ƙullin Gwaggo ta tambaya da Faransanci. Ban ji ba, amma na san tambayar. Na karɓa zan kwance mata. Gwaggo kuwa in ta ƙulla leda, sai dai wuƙa. Na sa haƙori na ja, ledar ta yage, garin ya tashi ya zube cikin jaka, ya bi ni har gira.

Jami'ar ta dangwala ta shinshina, ta fashe da dariya. Ta nuna kumatunta, ta ɗaga mini babban yatsa. Ashe ita ma tana shafawa. Ita ta ba ni sabuwar leda muka kwashe abin da ya kwasu. Na kakkaɓe hijabai da kwat a bakin titi har na ga sun yi fes, na ce shi ke nan. Hajiya ta ce, "Amarya, shiga mota, ango na jira." Sunan da ta bi ni da shi ke nan har muka rabu.

Tun a Kwatano na ga mata suna tuƙa babur da kansu, da goyo a baya da kwando a gaba, ba wanda ya ko waiga. Na tuna yadda nake tsayawa a mararrabar Ikara ina jiran ɗan acaba rana tana dukana, na ce a raina waɗannan sun huta. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa yana yanka dasashi. Na ci da shayi na ce ba daɗi, kafin mu bar Lome na sayi wani.

Ranar Asabar muka shiga Kumasi. Kusa da unguwar da za mu sauka muka tarar an rufe titi da rumfuna, ana kiɗa kamar ƙasa za ta tsage, mata da maza cikin jan zane da baƙi suna rawa, ana raba lemo. Ga hoton wata dattijuwa an kafa, ya fi ƙofar zaure girma. Wata mata ta miƙo mini ruwa, ni kuwa don in nuna tarbiyya na ce da Turancina Allah ya sanya alheri, ina amaryar? Hajiya ta mintsine ni har sai da na yi ƙara. Ta ce, "Jana'iza ce, Amarya. Mai hoton ce ta rasu." Na rasa inda zan sa fuskata. Matar ba ta ji haushi ba. Ta ce mahaifiyarta ce, ta tsufa ƙwarai, ta ga jikokin jikoki, don me za a yi ta kuka? Mu da muke binnewa kafin rana ta juya, mu zauna a tabarma shiru ana addu'a, abin ya yi mini nauyi. Amma na tuna Baba, na ji kishin matar nan ya kama ni, ita da tata ta kai inda za a yi mata rawa.

Masaukina a Zango ne, unguwar Hausawa, gidan wata tsohuwa da ake kira Mma Adiza, aminiyar Hajiya. A can aka haife ta, ba ta taɓa taka Najeriya ba, amma ta ce kakanta daga ƙasar Zazzau ya zo fataucin goro ya zauna. Da ta ji daga Makarfi nake, sai ta ce kakan nan yakan yi ta zancen wani zaƙi baƙi da ake dafawa da ruwan rake, ta manta sunan. Na buɗe jaka na ciro mazarƙwailar da na yi guzuri. Ta ɓantara ta sa a baki. Sannan ta ce, "Ashe tsohon ba ƙarya yake ba." Daga ranar ta hana ni sayen ko ruwan sha. Ta ba ni ɗakin 'yarta, kuma ita ke tashina in kwaɓa kurkur, don ta ce maganar gwaggo ba a zubar da ita.

Abinci kuwa, wake da shinkafarsu ja ce, ana dafa ta da karan dafi, a zuba mata taliya da garin rogo da ƙwai da wani baƙin yaji, duk a ganye ɗaya. Na ce wannan ai taron dangi ne. Dokunu, wato tuwon masararsu, ya fi ƙarfina, tsaminsa har kunne. Sakwararsu ba a taunawa, Mma Adiza ta tsare ni da ido sai da na haɗiye loma sukutum. Abin da ya riƙe ni koko da ƙosai ne, kuma a duk garin in aka ce koko mai kyau, na Hausawa ake nufi. Wannan ya faranta mini rai fiye da yadda ya kamata.

A wurin horon mun taru daga ƙasashe da dama. Malamarmu Dakta Abena, doguwar mace mai askakken kai, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma maimaita magana. Ta ajiye wa kowa ɗan baƙin akwati da bai fi sabulun wanki girma ba. Ana zura gilashi ta gefe, a kwantar da waya a sama, idon kyamara ya daidaita da wata 'yar ƙwayar gilashi. A ciki akwai ƙaramar fitila shuɗiya. Rinin da ake sa wa kaki yana manne wa ƙwayar tarin fuka, in shuɗin haske ya doke shi sai ya mayar da haske kore-kore mai ruwan rawaya. Akwai wani gilashi mai launin lemo da ke tare shuɗin, ya bar koren kaɗai ya wuce. Saboda haka fuskar waya baƙi ƙirin take, sai abin da ya sha rini yake walƙiya. Da ta nuna mana nata, na ga 'yan siraran sanduna suna haske a cikin duhu. Shekara da shekaru ina farautar abin nan a madubi har idona ya yi ruwa, yau ga shi kamar an kunna masa fitila.

Ta gargaɗe mu da abu ɗaya. Ta ce akwatin nan ba ya raina haske komai ƙanƙantarsa, don haka duk abin da ya shiga zai nuna.

Da aka ba mu gilasai mu gwada, nawa duk suka cika da haske. Wanda aka ce yana da cuta, haske. Wanda aka ce wankakke ne, haske. Ɗigo-ɗigo ko'ina, ba a gane komai. Na kusa da ni, wani mutumin Togo mai yawan barkwanci, nasa tsaf. Dakta ta canja mini akwati, ta canja rini, ta tsaya a kaina na sa safar hannu na yi komai daidai. Ta juya ta tafi wurin wani, na zura gilashi, haske ya dawo. A jarrabawar farko na rubuta cewa duk gilasan suna da cuta, alhali rabinsu ba komai. Dakta ta kira ni gefe. Ta ce ba za ta iya ba ni akwatin ba, domin wanda zai ce wa mai lafiya yana da tarin fuka ya fi wanda ba shi da akwati haɗari. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi.

A ranar na kira gida. Inna ta ce Baba ya daina fita zaure, a zaune yake salla, kuma ta ga jini a tsumman da yake tofawa. Ta kai masa wayar. Ya ce, "Uwata, kin ga abin?" Kafin in amsa tari ya sarƙe shi, na tsaya ina saurare har katin ya ƙare. Na shiga banɗakin makarantar na yi kuka mai isata. Na tsallaka iyaka uku, na bar yara, zan koma hannu biyu in ce masa har yanzu ba wanda ya gani.

Washegari da tsakar rana Dakta ta tara mu a wani ɗaki, aka ja labule masu kauri. Ta raba mana tabarau masu launin lemo. Ta ce za ta nuna mana yadda ake duba teburin aiki ko rini ya zuba ba a sani ba. Ta kunna wata babbar tocila shuɗiya tana bin tebur da ita. Ni ina can baya, ba na ma son a gan ni. Tana ɗago hannu, hasken ya faɗo kaina.

Mutumin Togo ya yi ihu ya kira sunan Allah da harshensu. Kowa ya juyo. Na duba jikina. Hijabina, wanda ni a idona fari ne fes, yana ta walƙiya kore shar, musamman gefen da nake kamawa. Bakin hannun kwat, gefen farce, har bayan wayata. Sai aka kwashe da dariya, har wata 'yar Saliyo ta zauna a ƙasa.

Dakta ba ta yi dariya ba. Ta matso ta kama gefen hijabin. Ta ce, "Me kika zuba?" Na ba ta labarin Gwaggo da iyaka. Ta ce, "Da me kike goge bayan gilashi kafin ki zura?" Na buɗe baki zan ce da takardar da aka ba mu, sai na ga hannuna ya riga ya kama gefen hijabi. Haka muke yi a asibitinmu. Takardar gogewa takan ƙare a daɗe ba a kawo ba, kowa da gefen mayafinta take share gilashi, har hannu ya saba ba ya neman izini. In Dakta tana tsaye a kaina ina kiyayewa, tana juyawa hannu ya koma halinsa. A madubinmu na gida wannan bai taɓa nuna komai ba.

Sai a lokacin ta yi murmushi. Ta ce kurkur yana cikin abubuwan da suka fi mayar da haske a ƙarƙashin shuɗiyar fitila, launinsa kuma kusan ɗaya da na rininmu. Ta sa aka buɗe labule, ta barbaɗa ɗan garin a gilashi, ta ajiye hotonsa kusa da na ƙwayar cuta. Ta ce kowa ya duba da kyau: kurkur dunƙule-dunƙule ne ba siffa, ƙwayar cuta kuwa siririya ce, ta ɗan lanƙwashe. Ta ce ta daɗe tana neman abin da za ta koyar da wannan darasi da shi, ga shi an kawo mata daga Najeriya. Ta roƙi ragowar ƙullin, ta ce in zo da sassafe ranar tafiya in sake jarrabawa, ba da wannan hijabin ba.

Da na gaya wa Mma Adiza, ta yi dariya har tana riƙe ciki, sannan ta ce laifinta ne da take tashina. Ta zaunar da ni a tsakar gida, ta dirje mini hannu da sabulun nan baƙi da soso kamar za ta fiɗe fata, ta yanke mini farce da kanta. Ta buɗe akwatinta ta ciro wani baƙin mayafi da ta yi aikin Hajji da shi, ta ce bai taɓa ganin kurkur ba. Wayar kuma na goge ta da sifirit lungu-lungu. Na shiga jarrabawa hannuna yana raɗaɗi, na ɗaure gefen mayafin a baya don kada hannu ya same shi. Fuskar waya ta fito baƙa wuluk. A gilashi na gaba, sanduna suka bayyana. Ban kuskure ko ɗaya ba.

Dakta ta miƙo mini akwatin da hannu biyu. Ta ce gwaji ne, ba ya maye gurbin na'urar babban asibiti, duk abin da na gani in riƙa haɗawa da sakamakonta. Na ce na ji. Na gaya mata don wa na zo. Ta ƙara mini kwalbar rini ɗaya, ta ce in gaishe shi. Da na je mayar wa Mma Adiza mayafinta ta ƙi karɓa, ta ce in kai shi ƙasar kakanta ya sha iska. Har yau ban san da bakin da zan gode wa matan nan ba. Dawowa kuwa ban ga hanya ba, akwatin yana kan cinyata tun daga Kumasi har Zariya, Hajiya tana ce wa mutane jaririn Amarya ne.

Ban kwana a Ikara ba sai da na je ƙauye. Baba ya zama rabinsa. Duk da haka sai da ya sa na ba shi labarin tafiya, da na kai wurin haskawa ya yi dariya har tari ya tsayar da shi. Na ce gobe zan karɓi kakin asuba in kai asibiti in rina, in dawo masa da shi. Ya ce, "Ya zan san nawa ne?" Na san za a zo nan. Na ce ya zaɓi wanda ya yarda da shi. Ya zaɓi Malam Iro, abokin duban watansa tun suna samari. Haka dattijon nan ya hau bayan babur da robar kaki a aljihu, ya tsaya a tagar ɗakin gwaji yana kallon hannuna, bai ko zauna ba har gilashi ya bushe.

Bayan la'asar muka shiga zaure, aka jingina Baba da bango. Na zura gilashin, na kunna. In ba su fito ba, na san maganar ta mutu har abada. Na matsa gilashin a hankali. Duhu. Na ƙara matsawa. Sai ga su, uku a gefe ɗaya, wani can shi kaɗai.

Na miƙa masa. Ya sa tabarau, ya kai wayar kusa da hanci, ya daɗe.

Ya ce, "Ba kurkur ɗin gwaggonki ba ne?"

Na ce, "Na san za ka tambaya, Baba." Na ciro gilashin da na barbaɗa wa kurkur na zura masa. Ya duba, ya ce in mayar da na farko. Ya sake cewa in canja. Sai ya nuna da ɗan yatsa.

"Wancan ƙura ce. Wannan kuwa siriri ne, ya ɗan lanƙwasa, kamar jinjirin wata." Ya miƙa wa Malam Iro. "Iro, duba. Kada ka duba fuskata."

Malam Iro ya duba. Ya ce, "Na gani, Malam."

Baba ya cire tabarau ya naɗe. Ya ce, "To shaidu sun cika. Uwata, miƙo abin nan da ke kan kanta."

Na ce wancan ya daɗe, sabo zan kawo, kuma da safe ake sha kafin a karya. Ya ce to in zo da wuri, kada in sa ya jira.

Yanzu ya yi nisa da shan maganin. Yana mitar girman ƙwayoyin kullum, amma bai tsallake ko ɗaya ba, Malam Iro ne mai tsaronsa. Mutanen gida da masu ɗaukar karatu duk an duba su. Gwaggo ta samu sabulunta, kuma tana gaya wa duk Hunkuyi cewa kurkur ɗinta yana koyarwa a jami'a, ba wanda ya isa ya gyara mata.

Ƙarshen watan jiya ina gida. Da rana ta yi ƙasa, na ga Baba ya ɗauki sanda ya nufi tudun bayan gari, yana tafe yana hutawa. Inna ta ce in hana shi, na ce a bar shi. Idonsa ya yi rauni, na san ba zai ga komai ba. Ina tsugune a bakin murhu ina tuƙa tuwo, sai na ji hayaniyar samari daga tudun, wani yana cewa ga shi can, ga shi can. Sai muryar Baba ta taso a kan tasu, ta tsallake katanga ta same ni har madafa, ba tari a cikinta.

"Wa ya gani?"

Na saki muciya. Inna ta ce hayaƙi ne ya shiga mini ido? Na ce a'a, Inna, kuka nake.